Dutsen farar ƙasa ba ya tace ruwa

Mu masu binciken ƙasa kafin a haƙa rijiyar burtsatse, akwai dutsen da idan muka ci karo da shi sai murna ta zo mana tare da fargaba. Shi ne dutsen farar ƙasa, wanda ake sarrafa siminti da shi a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe.

A ƙarƙashin teku akasarinsa ya samu, daga ɓawon halittun ruwa da ya taru ya daskare. Kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, teku ya ratso Sahara ya rufe yankin Sakkwato, shi ya sa har yau ake tsintar ɓawon dodon koɗi na teku a cikin duwatsun can. Tsaunukan Jura da ke tsakanin Faransa da Suwizalan irinsa ne, haka ma ƙolin tsaunin Ebarest mai tsawon mita 8,849.

Halinsa da ruwa shi ne abin lura. Ruwan sama yakan kwashi iskar kabon ya ɗan yi tsami, sai ya riƙa cin dutsen sannu a hankali. Tsaga ta faɗaɗa ta zama rami, rami ya zama kogo. Kogon Mamot na jihar Kentaki a Amurka ya haura kilomita 600, duk aikin ruwa ne. A irin wannan ƙasa rafi kan nutse a nan ya ɓullo a can, kuma rijiya takan ba da ruwa sosai.

To amma yashi ne ke tace ruwa, shi kuwa wannan dutse hanya kawai yake ba shi, kamar bututu. Abin da ya fito daga masai ko garke zai iya isa rijiya cikin 'yan kwanaki, ruwan kuma garai-garai a ido. A shekarar 2000, a garin Wokaton na Kanada, wanda ke kan irin wannan dutse, ƙazantar shanu ta shiga rijiyar gari bayan ruwan sama mai yawa. Mutum 7 suka rasu, fiye da 2,000 suka kwanta rashin lafiya.

Sau da yawa maigida yakan ce mini, “Malam, ai akwai tazara tsakanin rijiyar da masan.” A nan tazara kaɗai ba ta wadatar. In kun ga ruwan rijiyarku ya gurɓace jim kaɗan bayan an ɗauke ruwan sama, to ƙasa ba ta tace shi ba. Ku tafasa kafin sha, ku kai a gwada, sannan a ɗaure bakin rijiyar da siminti.