Yadda Ake Jera Fayiloli a Faifan Filofi Domin Saurin Karatu

A shekarun 1990, duk wanda ya shiga ofisoshin Nasarawa GRA ko shagunan buga takardu na cikin Kano ya san ƙarar nan ta "ƙar-ƙar-ƙar" da kwamfuta ke yi idan an zura mata faifan filofi. Da yawa sun ɗauka alama ce ta na'ura mai ƙwazon aiki. A gaskiya, galibin wannan ƙara kai-da-komo ne na kan karatu, yana neman gutsattsarin fayil ɗin da aka warwatsa a kan faifan. Wannan darasi zai nuna inda lokacin yake salwanta.

Bari mu ɗauki faifai mai faɗin inci 3.5, wanda ya yaɗu bayan IBM ta fito da kwamfutocin PS/2 a 1987. Fuska biyu gare shi. Kowace fuska an shata mata da'ira 80, wata cikin wata kamar saƙar faifan kaba, kowace da'ira kuma an yanka ta gunduwa 18, kowace gunduwa tana ɗaukar bayit 512. Jimla gunduwa 2,880 ke nan. Faifan yana juyi 300 a minti ɗaya, wato juyi biyar a daƙiƙa. To, a nan lissafin yake.

Kan karatu ba ya bin gunduwa. Tsayawa yake yi ta zo ta wuce ta ƙarƙashinsa. Mai karatu ya kwatanta da mutumin da ke jiran motar da take zagaya shataletale ba ta tsayawa: in ƙofar ta wuce shi, sai ta sake cikakken zagaye. Idan kwamfuta mai sauri ce, takan kwashe gunduwa 18 ɗin a juyi guda. Amma idan bayan ta karanta gunduwa ta 1 ta ɗan dakata tana adana abin da ta samu, ta 2 ta riga ta wuce, domin kowace gunduwa cikin kimanin kashi 11 cikin dubu na daƙiƙa take giftawa. Haka za ta yi ta rasawa, aikin juyi ɗaya ya koma kusan juyi 19, wato daƙiƙa huɗu saura kaɗan.

Maganin da injiniyoyi suka samo shi ne tsallake. Maimakon a jera lambobin gunduwa 1, 2, 3, sai a jera su 1, 10, 2, 11, 3, 12, har zuwa 9, 18. Yayin da ta 10 take wucewa, kwamfuta ta gama shiri, ta 2 kuwa ta iso daidai, kamar yadda masu lugude suke ba juna fili a turmi ɗaya. Juyi biyu ya wadatar. Sai dai tsallaken da ya wuce kima shi ma asara ne, wanda ya gaza kuwa ya fi muni nesa ba kusa ba. Na'urar faifai ta Commodore 1541, wadda ta fito a 1982, tsallake 10 take yi wa fayiloli, saboda a hankali take tura bayanai ta waya zuwa kwamfutar.

Abu na biyu shi ne tafiyar kan karatu daga da'ira zuwa da'ira. Kowane taki yakan ci kimanin kashi 3 cikin dubu na daƙiƙa, sannan a jira kan ya daina rawa. Masu ƙera 1541 sun ajiye jerin sunayen fayiloli a da'ira ta 18 daga cikin 35, a tsakiya cif, don kada tafiya ta wuce rabin faifai. Apple II ma a tsakiya ta ajiye nata. MS-DOS kuwa, wanda shi ne ya mamaye ofisoshinmu, a bakin faifai ya ajiye jadawalinsa, cikin gunduwa 33 na farko. A ganina dabarar Commodore ta fi hikima. Amma tsarin MS-DOS yana koya mana abu guda: fayil ɗin da aka fara kwafa shi ne mafi kusa da jadawali, don haka wanda ake yawan buɗewa shi ya kamata ya fara shiga.

Babbar cutar ita ce warwatsuwa. Ɗalibi ya rubuta babi a WordPerfect, ya goge wata wasiƙa, ya ƙara shafi goma, sai MS-DOS ya cusa ƙarin a duk gurbin da ya tarar. A ce fayil mai kilobayit 90 ne: in yana jere, da'ira 10 ya cika, karatunsa bai fi daƙiƙa biyu da 'yan kai ba. In ya rabu gida 30, kowane tsalle yana jawo jiran rabin juyi a matsakaici, daƙiƙa uku sun ƙaru ke nan, ban da tafiyar kan.

Gyaran ba shi da wuya. A share sabon faifai da umarnin FORMAT, a kwafi fayiloli ɗaya bayan ɗaya da COPY bisa jerin da ake so. DISKCOPY ba ya magani, domin yana ɗauko warwatsuwar yadda take. MS-DOS 6.0 na 1993 ya zo da DEFRAG mai tattara gutsattsari a kan faifan kansa, amma a zamanin NEPA wannan kasada ce, domin wuta tana iya ɗaukewa ana tsakiyar sauya jadawali.

Kamfanin Sony ya daina ƙera waɗannan faya-fayai a 2011, amma har yanzu akwai su a durowoyin gidaje da ofisoshi, ɗauke da kundin digiri da rahotannin taro da babu kwafinsu a ko'ina. Irin wannan faifai, da ya sha ƙurar hunturu da zafin bazara shekara talatin, kada a yi masa DEFRAG ko a rubuta masa komai. A buɗe ɗan makullin kusurwarsa mai hana rubutu, a goge kan karatu, sannan a ɗauki hoton faifan gaba ɗaya, gunduwa bayan gunduwa daga ta farko har ta 2,880, a karatu guda. A kan wannan kwafin ne za a nemi fayilolin.