Hunturu da Ƙyauren Taga

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, mu a nan Dutsi da kewayen Daura muna fama da iskar hunturu. Daga arewa maso gabas take busowa, ɗauke da ƙurar da akasarinta ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. A lokacin ne ƙyauren taga yake yin sako-sako, sanyin safiya ya riƙa shigo mana aji.

Mukan ɗora wa sanyi laifi, alhali bushewar iska ce. Katako yana shan laima da damina ya kumbura, da hunturu ya fitar da ita ya tsuke. A faɗi yake tsukewa, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Shi ya sa kafa ke buɗewa tsakanin katako da katako, ƙusoshi su saki, sakata ta ƙi shiga raminta.

Ga kuskuren da muke yawan yi. A watan Agusta ƙyaure ya ƙi rufuwa, sai mu sa kafinta ya fere shi sosai. Janairu na zuwa, wurin ya zama ƙofar ƙura da mura. Kaɗan ya kamata a rage.

Fenti kuwa, mu shafa har sama da ƙasan ƙyaure, domin ta bakin yanka laima ta fi shiga da fita. Kafin mu ɗiga wa ƙarfen juyawa mai, mu goge ƙura tukuna. Ɗigo biyu ya isa. In ya yi yawa sai ya kama ƙura ta dinga cin ƙarfen. Da dare mu sa sakata, kada iska ta kwana tana buga shi.