Kishiyata, Kafin Ki Ɗaure Kaya

Kishiyata, uwarki ta zo nan Karu ranar Lahadi bayan an tashi sujada, ta zauna a bakin gadona tana share hawaye da gefen gyale. Wai takardunki sun fito, wata mai kamawa za ki tafi Chadi aiki a asibitin mishan har shekara biyu. So take in hana ki. Na ce mata ni da na yi shekara talatin da ɗoriya ina karɓar haihuwa a garuruwan da ba a binne cibiyata ba, da wane baki zan hana? Sai dai ba zan bari ki tafi hannu rabbana ba. Tunda ku 'yan yanzu ba ku iya zaman hira sai ido na kan waya, na sa ƙaninki ya rubuta abin da zan faɗa, ki karanta, ki kuma ba tsararrakinki da ke cewa sun ji kira.

Mu an zo mana kafin mu fara zuwa wa wasu, kuma wanda aka taɓa miƙa wa ƙwarya ya fi mai miƙawa sanin nauyinta. A ƙarshen 1893 samari uku suka sauka Ikko da niyyar shigowa arewa: Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Cikin 1894 ƙasa ta rufe idon biyu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ya koma gida da ƙyar, ya sake zuwa ciwo ya sake kora shi, sai a 1902 mutanensa suka sami wurin zama a Patigi. Jami'ar nan da kuke wucewa a hanyar Keffi sunansa ta ci. Daga wannan tushe aka sami asibitin ido na Kano a 1943, da asibitin Galmi can ƙasar Nijar a 1950, da ekilisiyar ECWA a 1954.

To me iyayenmu suka riƙe game da mutanen nan? Ban taɓa jin tsoho ya maimaita wa'azin wani Bature ba. Abin da suke ba da labari shi ne wane ya zauna a tabarma, wane ya sa hannu a akushi, wane ya taɓa kuturu ba tare da ya yamutsa fuska ba. Andrew Stirrett ya shekara arba'in da wani abu a ƙasar nan har ya rasu a 1948, amma mutane da yawa ba su san sunansa na yanka ba, Bature Mai Magani kawai suke ce masa. A Amanawa ta Sakkwato da Babbar Ruga ta Katsina da Yadakunya ta Kano, inda aka riƙa jinyar masu kuturta da yardar sarakuna, akasarin majinyatan Musulmi suka shiga, Musulmi suka fita, amma har jikokinsu sun san hannun da ya wanke gyambon kakansu. Ki dubi sunan nan ma, Yadakunya. Wanda ya raɗa shi ya san cewa ciwon ba a fata kaɗai yake ba.

Akwai kuma abin da muka gani ba mu so ba, shi ne ma ya hana ni barci tun ranar da uwarki ta zo.

Ina 'yar shekara ashirin na fara aiki a wani ƙaramin asibitin mishan. Ƙa'idar wurin, ba a yankar kati sai an gama wa'azin safe. Kowa ya zauna a rumfa, mai bishara ya yi nasa, sannan a buɗe taga. Wata safiya wata Bafulatana ta iso da yaro a goye, ta kwana tana tafiya, jikinsa kamar garwashi, yana taune-taune. Ta nufo ni, na nuna mata benci na ce ta jira a gama. Ni da bakina. Ta zauna. Duk inda mai bishara ya tsaya sai ta ce amin da ƙarfi, ta fi kowa ɗaga murya, ko kalma ɗaya kuwa ba ta shiga kunnenta ba, so take a gama. Allah Ya sa yaron ya tashi, amma ni wannan amin ɗin bai bar kunnena ba har yau. Ran nan na gane cewa mai ɗauke da ɗa marar lafiya, ko me ka ce masa zai amsa. Ba mu ba ta bishara ba, kuɗin kati muka karɓa da wani irin kuɗi.

Kada ki ji ni a karkace. Ni mai bin Almasihu ce, a kan haka zan koma ga Ubangijina, kuma ina so kowa ya san abin da na sani. Ba na cewa ki ɓoye Littafinki a ƙarƙashin katifa. In an tambaye ki wace ce ke, ki faɗa a fili. In wata ta ce me ya raba ki da Abuja ya kawo ki cikin ƙura, ki gaya mata gaskiya. In ta ce ki yi mata addu'a, ki yi. Amma allura daban, addu'a daban, kada ɗaya ta zama farashin ɗaya. Basamariyen nan da kuke karantawa tun kuna makarantar Lahadi, da ya ɗauki mutumin da aka yasar a hanya, ai bai tsaya bincikar inda yake sujada ba, kuma ba a gaya mana cewa ya dawo karɓar tukwici ba.

Akwai labarin da nake so ki sani, don ya fi nawa nisa. Wani ɗan mishan mutumin Ostireliya, Tony Rinaudo, ya zo Maraɗi a farkon shekarun 1980 don dashen itatuwa. Ya dasa ya dasa, rana da iska da awaki suna cinyewa. Sai wata rana ya tsaya ya dubi 'yan tsirrai da ke tohowa a gonaki, waɗanda manoma ke sassabewa kowace bazara, ya gane ashe ba ciyawa ba ce, kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na can ƙasa tun zamanin kakanni. Ba sai an kawo irin waje ba. A rage tohon, a bar biyu ko uku masu ƙarfi, a kare su, sai kalgo da sabara da gawo su miƙe da kansu. Da yunwar 1984 ta zo, aka haɗa abin da rabon abinci: ka bar itace a gonarka, a ba ka hatsi. Mutane suka bari. Da rabo ya ƙare, mafi yawa suka ɗauki gatari. 'Yan kaɗan da suka bar nasu don idonsu ya ga amfani, ga itacen girki ga harawa ga gero ya fi kyau, su ne maƙwabta suka kwaikwaya, gona zuwa gona, ba tare da ko mudu ɗaya ba. Yau ana kiyasin itatuwa miliyan 200 a kan kadada miliyan 5 a kudancin Nijar. Abin da aka karɓa saboda buhu ya tafi tare da buhu. Ki kuma lura, shekarun da ya ɓata yana dashe, abin da yake nema yana ƙarƙashin takalminsa.

Haka za ki tarar a can. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023, dubban ɗaruruwan mutane suka tsallako gabashin Chadi ta garin Adre, akasarinsu mata da yara. Za ki ga tamowa irin wadda a littafi kawai kika sani. Amma cikin matan nan akwai malaman makaranta, akwai ungozomomin da suka karɓi haihuwa fiye da yawan kwanakinki a aji. Mai shara da tafinta da direba sun san abin da shahadarki ba ta sani ba: gidan da ba a shiga da takalmi, dalilin da ya sa mata ba sa zuwa awo ranar kasuwa, wanda in bai yarda ba babu yaron da za a kawo rigakafi. Wata ukun farko ki zama kunne. Ki koyi gaisuwa da Larabcinsu ko da za su yi miki dariya, dariyar nan ita ce ƙofa. Kuma kada ki yi mamaki in kin ji Hausa a kasuwa. Hanyar alhazai ce ta da, mutanenmu sun bi ta a ƙafa, wasu sun yada zango ba su ƙara gaba ba, har a bakin kogin Nilu akwai garin Mai Wurno da zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa.

Batun hoto kuma, ni ma na yi wannan laifin da tsufana. Mun taɓa zuwa sansanin 'yan gudun hijira na Durumi da zumuntar mata, muka kai shinkafa da sabulu. Aka jera mata, kowa ta riƙe nata a ɗauka. Wata dattijuwa daga Gwoza ta ja mayafi ta rufe fuska. Daga baya na ji ashe a garinsu rumbunta uku, ita ke ciyar da marayun unguwa. Muka mayar da ita abin nunawa a waya saboda mudu biyar. Masu ba da kuɗi za su nemi hoto da rahoto, haƙƙinsu ne, baikon talakawa ne ake tarawa. Ki nemi izini kafin ki ɗauka, in an ce a'a ki mayar da wayar aljihu. A rahoto kuma, in mutum goma kika duba kada su zama hamsin.

Ki kiyayi siyasar masu gida. Likita Walter Miller ya zauna birnin Zariya tun 1905, ya iya Hausa kamar a bakinsa aka haife ta, da hannunsa a fassarar Littafi Mai Tsarki da ta fito a 1932. Amma ya shiga tsakanin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi da Turawan mulki da ƙorafe-ƙorafe, sarkin ya ƙare a tuɓe a Lakwaja, kuma wannan tabon ya daɗe yana bin sunan mishan a Zazzau. Ko da gaskiyarka, baƙon da ya riƙe wa wani sanda a faɗan gida shi ake tunawa bayan an shirya.

Ba ke kika fara ba, wannan ya kamata ya kwantar wa uwarki da hankali. Nan Gwagwalada akwai makarantar horar da limaman Katolika ta ƙungiyar Bulus Mai Tsarki, wadda Kadinal Dominic Ekandem ya assasa a 1977. 'Ya'yanta suna aiki a Malawi da Botswana da Sudan ta Kudu da Amurka, har da Ailan, ƙasar da ta riƙa aiko mana da limamai a da. Gwamnati ma tana da nata tun 1987, shirin da ke tura likitoci da malamai da injiniyoyi ƙasashen Afirka da Karibiyan su yi shekara biyu. A ƙarshen 2014, lokacin da kowa ke gudun Laberiya da Saliyo saboda Ebola, ma'aikatan lafiyarmu sama da ɗari suka hau jirgi suka nufi can. Sai dai yanzu da muka zama masu zuwa, ina jin wasu 'ya'yanmu suna magana a kan ƙananan ƙasashe da irin muryar da muka tsana a bakin Bature. Ɗan Nijeriya da ɗaga murya, sai ka ce shi ya haifi garin. Wannan ki bar shi a filin jirgi.

Ba zan ce miki babu haɗari ba. A tsakiyar Abujar nan aka tayar da bam a ginin Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 26 ga Agusta 2011, mutum sama da ashirin suka rasu. A Rann ta Borno aka sace Saifura Khorsa da Hauwa Liman cikin Maris 2018, suna aikin jinya da karɓar haihuwa tare da Red Cross, aka kashe su a shekarar. Musulmi ne su biyun, 'yan mata kamarki, kuma ina sa su cikin waɗanda nake tunawa in ana maganar masu hidima. Saboda haka in shugabanninki sun ce kada a fita bayan magariba, kada ki fita. In an ce a kwashe, ki kwashe. Ganganci ba bangaskiya ba ne. Ki sha maganin zazzaɓin cizon sauro a kan lokaci, ki tafasa ruwa, ki yi barci. Nas ɗin da ta faɗi ta ƙara wa asibiti majinyaci ne kawai. Ranar da yaro zai mutu a hannunki, don zai faru, ki nemi wadda za ki yi kuka a kafaɗarta, kada ki haɗiye kamar yadda muka yi.

Tun makon farko ki sa ido ki zaɓi yarinya ɗaya 'yar garin, mai nutsuwa, mai hannu. Duk abin da kika iya ki koya mata, har ɗinki da sa ƙarin ruwa a jijiyar jariri. Shekara biyu kamar gobe ce, ke za ki dawo Abuja, ita za ta zauna.

Ki zo ranar Asabar da hantsi, kafin hanyar Nyanya ta cushe. Na sa an daka miki kuka da daddawa da yaji, na ɗaure a leda biyu don kada su ɓata miki kaya. Akwai kuma ƙahon nan nawa na katako da nake sauraron bugun zuciyar ɗa a ciki, yana ƙasan akwati cikin tsohon zane. Bakinsa ya ɗan tsage amma yana ji sarai, kuma ba ya neman batir. Ki taho da uwarki, ita ma ina da magana da ita.