Darasi: Ɗan'uwan da Ya Daina Zuwa

Darasinmu na wannan wata a kan wani mutum ne wanda kowace ekklesiya ta san shi. Dā shi ya kan riga kowa zuwa sujada. Daga baya ya soma zuwa a makare, ya zauna a bencin baya, ya fita tun ba a sa albarka ba. Bayan 'yan watanni sai aka daina ganinsa. In an tambayi matarsa, ta ce, "Yana nan, jikin ne ba daɗi." Mu kuwa mu ka ce ya yi sanyi, mu ka wuce.

Bari mu fara duban abin da ya same shi. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar an janye tallafin man fetur. Litar da a ke saye wajen naira 190 ta kai 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta haura 1,000 a wurare da yawa. Darajar naira ta faɗi. Kuɗin mota ya hau, taki ya hau, magani ya hau. A tsakiyar 2024 ofishin ƙididdiga na ƙasa ya ce farashin abinci ya ɗara na shekarar da ta wuce da fiye da kashi 40 cikin 100. A Yuli 2024 aka ɗaga ƙaramin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, amma ɗan ƙodago da mai tuyar ƙosai ba su da albashi. A 2025 hatsi ya sauko a kasuwanni da dama, mun gode Allah. Sai dai bashin da aka ci bai sauko ba, akuyar da aka sayar kuma ba ta komo gida ba.

Yunwa dai ana ganinta a jiki. Kunya ce ba a gani. Magidancin da ya fita da safe bai bar kuɗin cefane ba, aka koro ɗansa daga makaranta, mai gida kuma yana jiransa a bakin ƙofa, wannan mutum ya kan kwana idonsa biyu yana lissafi. Gari ya waye lissafin bai fita ba. In abin ya daɗe, ya kan zama ciwo, wanda likitoci ke kira ciwon damuwa. Ku lura da alamunsa: mutum ya yi mako biyu ko fiye zuciyarsa a ɓace kusan kullum, abin da dā ya ke jin daɗinsa ya fita masa a rai, barci ya ƙi, ko kuwa ya yi yawa, abinci ba ya shiga, yana ganin kansa marar-amfani. Namiji sau da yawa ya kan nuna shi da faɗa a gida, ko da shan giya ko ƙwaya. Mace ta kan ce kanta ke ciwo, jikinta ya mutu, ta yi ta sayen maganin zazzaɓi a banza.

Ina roƙonku, kada ku yi hanzarin ce wa irin wannan mutum bangaskiyarsa ce ta raunana. Ku karanta I Sarakuna sura 19. Iliya annabi ne, bai daɗe da ganin wuta ta sauko a Dutsen Karmel ba, duk da haka ya gudu jeji, ya zauna ƙarƙashin wani itace, ya roƙi mutuwa. Me aka yi masa? An bar shi ya yi barci. An tashe shi, an ba shi gurasa da ruwa, ya sake kwantawa, aka sake ciyad da shi. Sai bayan wannan aka yi magana da shi, aka gaya masa ba shi kaɗai ya rage ba, aka kuma ba shi Elisha abokin aiki. Mu kuwa mu kan juya abin: mu fara da wa'azi, tuwo ya zo daga baya, in ma ya zo.

Saboda haka in za ka gaida shi, ka tafi kai kaɗai, da yamma, da tiyar masara a cikin buhu, ka miƙa wa uwargida ba da surutu ba. Ka zauna. Ba lalle sai ka san abin faɗi ba. In ya ce ya gaji da duniya, kada ka ce masa ya rufe baki. Ka tambaye shi a fili ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum wannan tunani. Ta kan buɗe masa ƙofa ya yi magana. In ya ce i, kada a bar shi shi kaɗai, a kawad da maganin ƙwari na gona da igiya daga ɗakin, a kai shi asibiti a ranar. Akwai asibitocin ciwon hankali na gwamnatin tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware kusa da Sakkwato, likitan babban asibiti ma ya iya soma taimako. Maganin ya kan ɗauki makonni kafin a ji amfaninsa, don haka sai wani ya riƙa tuna masa. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne.

Tun 1954 Likita Thomas Adeoye Lambo ya nuna amfanin dangi a Aro, kusa da Abeokuta. Ya sauke marasa-lafiya a gidajen ƙauyukan da ke kewaye, kowa da ɗan'uwansa mai jinyarsa, suna zuwa asibiti da rana. A Janairu 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar hankali, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Doka ta sake, saura bakinmu, gama har yanzu mu kan ce "ya haukace" mu yi dariya.

Akwai sashi mai-wuya a wannan darasi, ba zan tsallake shi ba. Waɗansu daga cikin masu matsa wa ɗan'uwan nan a benci ɗaya su ke zama da shi. Haka ya faru a zamanin Nehemiya, sura 5. Yunwa ta sa talakawa su ka jinginad da gonakinsu da gidajensu domin hatsi, waɗansu har 'ya'yansu su ka shiga bauta, masu ba da rancen kuwa 'yan'uwansu ne. Nehemiya bai tara gudummawa ba. Ya tara manya a gaban jama'a, ya sa su ka mayad da gonakin da ruwan bashin. Shi da kansa ya yi shekara 12 yana gwamna bai karɓi abincin da ya ke hakkin gwamna ba.

To, mu fa? Akwai wanda ya ba da buhu ɗaya da damina domin ya karɓi biyu da kaka. Akwai wadda ta ke biyan yarinyar aiki kuɗin da ta ke biya tun 2022. Akwai wanda ɗan ƙodago ya yi masa noma, ya ce ya dawo ran kasuwa, ran kasuwa kuma ya ce bai sayar ba tukuna. Irin wannan in ya zuba baiko mai-yawa ran Lahadi, da gumin wani ya zuba.

Ekklesiya ma sai ta dubi al'adunta. Sa'anda mu ke karanta sunayen masu-bayarwa da adadin kuɗinsu, mai naira 200 ya kan sunkuyad da kai. Sa'anda Zumuntar Mata ta fid da anko sau uku a shekara, gwauruwa ta kan ce ba ta da lafiya ran taro. Na san wata ekklesiya da ta ajiye buhu a bayan ƙofa, mai abu ya zuba, dattawa biyu kaɗai su ka san gidajen da a ke kai wa da dare. A wannan mako bari dattawa su zauna da littafin sunaye, su karanta shi daga farko har ƙarshe, su sa alama a kan kowane wanda ba a gan shi ba tun wata biyu, su kuma rubuta sunan wanda zai tafi gidansa.