Abin da ke ta da ƙuduji daga barci a gonar dawa

A aikina na malamin gona, babu koken da nake ji daga manoman dawa da gero kamar na ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Da yawa suna ɗauka ƙasa ce ke haifar da shi idan ta gaji. Alhali kuwa iri gare shi, ƙanana kamar ƙura, kuma tushe ɗaya yana zubar da dubbai. Suna iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10 da ransu.

Ruwan sama kaɗai ba ya sa irin ƙuduji ya tsiro. Bayan ya sha danshi da ɗumi, sai ya jira wani sinadari da saiwar dawa ke fitarwa. Ƙwayoyin gadon da ke cikinsa ne suka ba shi ikon jin wannan sinadari. Da ya ji sai ya tsaga, ya nemi saiwa ya maƙale. In bai samu ba cikin 'yan kwanaki, ya mutu, domin guzurinsa kaɗan ne.

Ita ma dawar ƙwayoyin gadonta ke tsara irin sinadarin da take fitarwa. A 2017 masu bincike a Jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Gebisa Ejeta ɗan Habasha, sun gano ƙwayar gado mai suna LGS1. Dawar da wannan ƙwaya ta lalace a jikinta tana fitar da wani nau'in sinadarin da ba ya ta da ƙuduji sosai. Shi ya sa za ka ga gonaki biyu iyaka ɗaya, wannan ta cika da furen ƙuduji, waccan kuwa da sauƙi.

Abin da ya fi ba ni ƙwarin gwiwa shi ne ana iya yaudarar ƙuduji. Auduga da waken soya suna sa irin ya tsiro, amma ba ya iya kama saiwarsu, sai ya mutu a banza. Haka kuma dawar da ke cikin ƙasa marar taki ta fi fitar da sinadarin, don haka takin gida ma magani ne.

'Yan uwa manoma, ku riƙa sauya shuka, ku tambayi malamin gona na yankinku irin dawa mai jure ƙuduji. Ƙudujin da ya riga ya fito kuma, ku tuge shi kafin ya yi 'ya'ya, ku fitar da shi daga gona ku ƙone.