Yadda Ake Neman Riƙon Yaro Ta Hannun Hukuma

Riƙo ba baƙon abu ba ne a gidajenmu. Da yawanmu a hannun goggo ko kaka muka tashi. Amma yaron da aka tsinta, ko wanda ke gidan marayu, ba a ɗaukarsa da fatar baki. Sai an bi ta hukuma.

Fara daga cikin gidanka. Ka zauna da maiɗakinka ku yi maganar har ƙarshenta, domin ita za ta yi wanka da wanki da tashin dare. Kotu ma sai ta ga amincewarta. Na fi jin tsoron "to" ɗin kunya fiye da "a'a" ta gaskiya, don yaron ne zai sha ɗacin wannan "to" ɗin. Yaran gida su ma a gaya musu tun da wuri.

Daga nan sai ofishin jin daɗin jama'a da ke ƙarƙashin ma'aikatar mata ta jiharku. Ka kai takardar nema, da shaidar aure, da takardar likita, da shaidar abin da kake samu. Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta ce mai nema ya kasance ɗan Najeriya, ya kai shekara 25, ya kuma girmi yaron da aƙalla shekara 21. Jihohi suna da nasu dokokin, Kano ta samu tata a 2023, saboda haka ka nemi ganin ta jiharku.

Jami'i zai zo gida. Kada ka ari kujeru ko ka ɓoye komai. Abin da yake dubawa shi ne inda yaron zai kwana, abin da zai ci, da yadda ake zama a gidan. Rahotonsa ne zai je kotu, ita kuma ta ba da izinin riƙo a rubuce. Adana takardar nan sosai, kuma ka sa ran za a riƙa dawowa duba yaron.

Kafin yaron ya shigo, ka ga malami. A Musulunci ɗan riƙo yana riƙe sunan mahaifinsa, kuma ba ya cin gadonka, amma kana iya yi masa kyauta tun kana raye, ko wasiyya da ba ta wuce sulusin dukiyarka ba. Idan jariri ne da bai kai shekara biyu ba, ku tambaya a kan shayarwa, domin ita ce ke mai da shi muharrami ga matarka da 'ya'yanku mata.