Amsoshin Tambayoyinku: Sabunta Manhaja Ba Tare da Tsayawa Ba

Malam Yusuf daga Barnawa, a kudancin birnin Kaduna, yana tambaya: yaya ake sabunta manhaja ba tare da an dakatar da aikinta ba?

Ana yin haka ne da tsarin gwaji da turawa kai tsaye. Da zarar mai rubuta manhaja ya yi gyara, sai manhaja irin Jenkins ta gwada gyaran da kanta. Idan gyaran ya ci gwaji, sai a ƙunshe shi cikin kwantena ta Docker. Daga nan tsarin Kubernetes, wanda Google ya fitar a 2014, zai rarraba kwantenonin a rukunin kwamfutoci, yana maye gurbin tsofaffin kwantenonin ɗaya bayan ɗaya don kada aikin manhajar ya tsaya. Gyaran da ya faɗi gwaji kuwa ba ya isa ga jama'a.